Lagireton Kawu Bello da Ruwan Tsamiya

Wata ranar kasuwar Lolo ce ta bakin iyaka, cikin watan Maris na shekarar da nake aji biyar a firamare, Kawu Bello ya shigo gidanmu a Bagudo da la'asar. Ya jingine babur a gindin darbejiya, ya kwance wani abu naɗe cikin buhun siminti. Ina tsugune ina tsince tsakuwa a shinkafa, ya ajiye a gabana ya ce in buɗe. Wani ɗan ƙarfe ne bai fi faɗin littafin makaranta ba, jikinsa duk ramuka kamar saƙar zuma, da bakin bututu biyu a gefe, yana warin tsatsa. Ya ce ɗan lagireto ne, an ciro shi daga ɗaya daga cikin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano. A can ƙasar da aka ƙera motar, shi ke ɗumama wa mutane ƙafa lokacin sanyi. A nan kuwa ba mai buƙatarsa, shi ya sa wani bakanike a kasuwar ya ba shi kyauta yana dariya.

Kawu Bello ƙanen mahaifiyata ne, yana da ɗan shago kusa da tasha inda yake buga wa mutane takardu, yana ɗaukar hoton fasfo, yana cike wa 'yan sakandare fom ɗin jarrabawa. Kwamfuta ɗaya gare shi, tsohuwa, mai ƙugi kamar injin niƙa. Ni kaɗai ce a yaran gidanmu yake bari in taɓa ta. Idan na dawo makaranta, na ɗebo ruwa, na ba awaki dusa, sai in ruga shago, ya ɗora ni kan benci ya nuna mini inda haruffa suke. A can na fara rubuta sunana, Hauwa'u, na ga ya fito a jikin gilashi. To amma da bazara ta shigo, kwanon rufin shagon ya zama kasko. Kafin azahar kwamfutar kan ɗauki zafi ta mutu, kuma lokacin ne ɗalibai ke zuwa har daga Sharabi a kan keke don a cike musu fom. Sukan zauna a inuwa su jira, su gaji su koma. Wata rana na ji Kawu yana gaya wa mahaifiyata cewa in abin bai gyaru ba zai sayar da ita ya tsallaka Benin wurin wani abokinsa. Na shiga bayan rumbu na yi kuka, ban gaya wa kowa ba.

Dabarar da ya zo da ita ita ce ya sanyaya kwamfutar da ruwa, yadda ake yi wa mota. Wani mai walda ya haɗa masa ɗan akwatin jan ƙarfe, girman kwalin ashana, wanda za a manna a kan wurin da ke yin zafi. Ya samo siririn tiyo mai haske irin na magina, da ƙaramin famfo daga tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki. Ruwa zai bi ta akwatin ya kwashi zafi, ya wuce cikin lagireton fanka ta fifita shi, ya zagayo. Kakarmu Inna, da ke kaɗa nono a ƙofar ɗakinta, ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, "Bello, ashe ita ma abar ƙishirwa take ji."

Ni aka ba aikin wanke cikin lagireton, domin Kawu ba ya iya barin shago. Ya ce in zuba ruwan zafi ta baki ɗaya, in toshe da tsumma, in girgiza sosai, in zubar, in yi ta maimaitawa har sai ruwan ya fito fes. Na farko ya fito ja kamar ruwan Kwara da damina, na biyu ya ɗan washe. Ina cikin na uku na jiyo ƙawayena a ƙofar gida sun fara carafke, kuma ni ce gwanar unguwarmu. Na zubar da ruwan a ƙasa, na dube shi a gurguje, na ga kamar ya yi haske. Na jingine lagireton a bango na fita. Da Kawu ya zo ya tambaye ni, na ce na wanke shi sau goma.

Washegari Asabar aka haɗa komai. Na tsaya a bayansa ina kallon ruwa yana gudu cikin tiyo, kumfa na binsa, zuciyata fal murna. Ɗalibai huɗu na jira a waje. An gama wa na farko, ana cikin na biyu, sai na ga wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a cikin tiyon. Ƙarar famfon ta sauya, ruwan ya rage gudu, ya tsaya cak. Kawu ya yi wuf ya zare waya. Da ya kwance akwatin jan ƙarfen, cikinsa cike yake da tsatsa da baƙin gari. Bai san ko kwamfutar ta ƙone ba. Ya fita ya ba ɗaliban haƙuri, ya dawo ya zauna ya dafe kai. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Na ce, "Kawu, sau uku na wanke."

Ya ɗago ya dube ni. Na jira mari, ban samu ba. Ya ce, "Kulu, da kin hwaɗi hakanan jiya, da ba mu kai ga wanga ba. Ɗauki, ki tahi gida da shi."

Inna ce ta same ni a tsakar gida ina hawaye, lagireto a cinyata. Da ta ji labari ba ta yi faɗa ba. Ta karɓe shi, ta jujjuya, ta kai baki ta hura, ta ce ai wannan da sabuwar gorar nono duk tafiyarsu ɗaya, daga waje ba ka sanin ɗacin da ke ciki. Ta sa na jiƙa tsamiya, ta tace ta sau biyu don kada ƙwallo ko zare ya shiga, muka ɗumama ruwan, muka cika lagireton da shi, muka bar shi a inuwa. Sannan ta ɗauko farin ƙyallen da take tace koko, ta ɗaure a bakin ƙwarya. "Ƙasa ba ta gwada miki komi," in ji ta. "Zuba nan, ƙyalle shi ka hwaɗa miki gaskiya."

Abin da ƙyallen nan ya nuna mini ya ba ni kunya. Ruwan da idona ke gani fari, sai ya bar baƙin gari da ɓarɓashin dalma a kai. Kwana uku ina wannan aiki. Da safe kafin makaranta in hura wuta in ɗora ruwa, da yamma in zauna kan turmi in yi ta girgiza har kafaɗuna su yi tsami, in juya shi sama, in juya shi ƙasa, in zuba ta wannan baki in fitar ta wancan. Ƙawayena sun zo kira sau biyu, Inna ta ce musu ina da bashin da zan biya. Bayan tsamiya muka ɗauraye da ruwan rijiya har tsamin ya fita, daga ƙarshe Kawu ya kawo ruwan nan tatacce da ake ƙara wa batirin mota. Da yammacin Talata na zuba, na ɗaga ƙyallen a rana, ban ga komai ba. Na sake, don in tabbata. Na ruga shago da ƙyallen a hannu, har na manta lagireton a gida.

Allah ya sa kwamfutar ba ta ƙone ba. Ranar Laraba, da aka tashe mu daga makaranta, ban ko cire yunifom ba na wuce shago. Rana ta take tsaka, kwanon rufi na ƙara don zafi, amma kwamfutar na aiki. Kawu ya kama hannuna ya ɗora a kan tiyon da ke shiga lagireto, da ɗumi, ya ɗora a kan mai fitowa, da sanyi. Ɗaliban da aka sallama ranar Asabar duk sun dawo, har da wasu. Mutanen tasha suna leƙowa su ga kwamfuta mai shan ruwa, wani direba ya tambaya ko ana yi mata juyen mai. Kawu bai tafi Benin ba. A shagon nan na iya buga rubutu ba tare da kallon yatsuna ba, kuma Kawu ne ya cike mini nawa fom ɗin da lokacina ya yi.

Yanzu ina da nawa wurin gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi, da 'yan mata biyu da nake koya wa. Samari masu haɗa bidiyo sukan kawo sabbin lagireto cikin kwali, masu sheƙi, su ce a ɗaura musu yau-yau. Sai in ce su dawo jibi, domin sabo ma yana zuwa da dattin masana'anta a cikinsa. Akwai magungunan wanki a kwalba, aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Inna ta rasu ina makarantar kimiyya, ba ta ga wannan shago ba. Kawu ya yi furfura, ya bar wa ɗansa nasa, ya koma noman albasa a fadama. Idan na je Bagudo na wuce ta tasha, nakan rage tafiya a daidai wurin, ko da yake kowa yanzu a wayarsa yake cike fom. Na yi sa'ar mutanen da suka bar ni na gyara abin da na ɓata.