Ranar da Baba Ya Fita da Bindigarsa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, kuma har yau in aka tayar da maganar nan a gidanmu sai an rabu biyu.

Baba tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Da ya yi ritaya muka zauna a Nassarawa GRA, yana kula da bishiyoyin mangwaronsa. Yana da bindigar farauta mai baki biyu, da lasisinta, a kulle cikin kabad. Mu 'ya'yansa ba mu taɓa ganin harsashi a cikinta ba.

Wata Laraba bayan la'asar muka ji harbi a kan titinmu. 'Yan fashi ne suka biyo wata mota, suka yi kiciɓis da 'yan sanda biyu. Ɗaya ya samu ya ɓuya. Ɗayan, Kofur Yohanna, mutumin Zariya, ya faɗi a bakin ƙofarmu da harbi a cinya, yana neman taimako. Baba ya buɗe kabad. Umma ta riƙe rigarsa ta ce, "Alhaji, ba aikinka ba ne." Ya ce, "Hajiya, ɗan wani ne kwance a ƙofata."

Ya fita ya yi harbi sama. Ɓarayin suka zaci an kawo ɗauki, suka faɗa mota suna harbi ta ko'ina. Harsashi ɗaya ya sami Baba a ciki. Yohanna ya warke. Baba ya yi 'yan kwanaki a asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ko'ina ka zauna, daga Hotoro har Tudun Murtala, za ka ji ana cewa a bar kowa ya mallaki makami. Wasu har da Baba suke ba ni misali. Nakan tambayi kaina, me zai ce musu? Ina jin ba zai ji daɗi ba. Mutum ne da ya hana yayana Nura ko taɓa kabad ɗin, yana cewa mai saurin fushi ba ya riƙe bindiga. Gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ɗan sanda ma mutum ne mai iyali. Amma da abokan aikin Yohanna sun iso a lokacin, ta yaya za su bambanta dattijo mai bindiga da ɗan fashi? Ga yara suna dawowa daga Islamiyya. Baba ya san hannunsa, sama ya harba. Mutum nawa ne za su iya haka cikin firgici?

Nura na ganin Baba ya yi abin da ya wajaba. Ni kuwa wani lokaci nakan ce da waya ya buga, da yau yana ganin jikokinsa. Sai kuma in tuna 'ya'yan Yohanna, waɗanda ya aurar da babbarsu bara.

An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Bindigar mun miƙa wa hukuma tuntuni. Abin da ya rage mana shi ne sanin irin mutumin da ya haife mu. Yohanna na zuwa gaishe da Umma duk Sallah, ita da kanta take zuba masa abinci. Na taɓa tambayarta ko ta yafe wa Baba fitar nan. Ta ce, "Ban ce ya yi daidai ba. Amma da ya zauna, da ba shi na aura ba."

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.