Gidajen da Baba Tsoho Bai Cika Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakana, Alhaji Mamman mai zare, wanda mu jikokinsa muke kira Baba Tsoho. Makon jiya ni da Mama muka zo Garwa daga Ngong don sadakar shekara, kuma abin da na fara gani da na shiga zaurensa shi ne almakashi. Yana kan ɗan teburinsa, daidai wurin da fensirinsa yake zama. A ƙasa guntayen jarida ne ko'ina, an yanke musu ciki an bar gefe, kamar tagogi marasa ƙyaure. Na tsaya da jakata a hannu har sai da Mama ta tura ni daga baya.

Ni ba mai magana ba ce. A lise, makarantarmu ta sakandare, malamai sukan manta ina cikin aji. Amma ina da ido, kuma abin da na gani a gidan nan ya hana ni sakewa, shi ya sa nake rubuta shi a nan, inda ba wanda zai katse ni ya ce yarinya ce.

Ga wanda bai sani ba, a shafin baya na jaridar Faransanci akwai wani zane mai ƙananan gidaje, wasu farare wasu baƙaƙe. A gefe akwai tambayoyi. Kowace amsa kalma ɗaya ce, ana rubuta ta harafi ɗaya a gida ɗaya, wasu a kwance wasu a tsaye, suna ratsa juna. Baba Tsoho yana kiran wannan wasa darar haruffa. Kullum da hantsi, bayan ya buɗe shago ya share gabansa, sai ya ɗauko jaridar da ta zo daga Yawunde. Takan iso a makare, amma bai damu ba, don ba labari yake nema ba. Juya ta yake yi ya fara daga baya.

A gidansa na yi firamare. Ranar da babu makaranta ni nake riƙe masa ƙamus, wani mai kauri da bangonsa ya rabu aka ɗinke shi da zaren shago. Saboda haka yake ce mini Sakatariya. Shi kuwa mutumin da ke shirya tambayoyin, wanda bai taɓa gani ba, bai ma san sunansa ba, yana kiransa ɓarawon Yawunde. Tambayoyin ba a miƙe suke zuwa ba. Sai a nuna maka gabas alhali amsar tana yamma. Na tuna ranar da aka ce: yana da haƙora, bai taɓa cizon kowa ba. Baba Tsoho ya jero dabbobi, ya sa na duba sunan kada, na duba na jaki, bai dace ba. Yana cikin sosa gemu da matsefinsa sai ya tsaya, ya dubi abin da ke hannunsa, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Sakatariya, kin ga ɗan banzan nan? Matsefi! Tun safe yana aljihuna, ni ina can ina neman kada!"

Abin da yake so ke nan. Ba ya jin haushi in an yaudare shi, muddin yaudarar ta yi kyau. Yakan ce a duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ne yake tashi kullum ya yi tunanin yadda zai ba shi dariya, kuma ba su ma san juna ba.

A lokacin ba wanda ya ga darajar wannan. Ina zaune a bayan kantar shago ina jin abin da ake faɗa. Alhaji Buba mai takalma, maƙwabcin shagonsa, yakan leƙo ya ce, "Mamman, sa'o'inka suna jan carbi, kai kana zana gidan tururuwa." Kawu Sale, babban ɗan Baba Tsoho, yakan ɓoye jaridar ƙarƙashin kanta in manyan baƙi za su zo, wai kada a ga tsoho da wasan yara. Baba Tsoho yana da carbinsa, ba ya wasa da salla, kowa ya sani. Amma sun fi ganin fensirin.

Ya rasu bayan 'yar gajeruwar jinya. Wasu watanni bayan haka wuta ta tashi a layin shagonsu, ta cinye na Alhaji Buba da na wasu, ta zo kan namu ta tsaya. Ni na san dalili, duk wanda ya taɓa zagayawa bayan shagon ya sani. Akwai bangon siminti da Baba Tsoho ya gina tsakaninsa da maƙwabta saboda ɓeraye suna cin zare. Amma da aka buɗe shagon sai aka ga takardu masu gidaje cike da haruffa an cusa su a kafar ƙofa da ta taga. Don ƙura ya cusa su, da hannuna na taya shi. Wani daga cikin masu kallo ya ce hatimi ne. Kafin la'asar duk kasuwa ta ɗauka. Ashe Alhaji Mamman babban malami ne yake ɓoye kansa. Ashe duk safiyar nan tsari yake rubutawa, ya sa shi da haruffan Nasara don kada a gane.

Malam Umaru, wanda ya koya mana karatun allo, an kai masa ɗaya ya duba. Ya juya ta, ya mayar, ya ce wannan ba aikin malamai ba ne, bai san shi ba. Sai aka ce ai abin ya fi ƙarfin iliminsa. Kawu Sale bai ce hatimi ba ne, bai kuma ce ba hatimi ba ne. Ya yi shiru irin shirun da ke nufin e. Daga nan aka fara zuwa roƙo. Baba Tsoho ya bar akwatin ƙarfe cike da shafukan da ya adana, mabuɗin yana hannun kakata, Inna. Kawu yakan karɓa, ya yanke zane ɗaya, ya ninke, a kai wa baduku ya ɗinke da fata. Yana cewa shi ba ya sayarwa, don Allah yake bayarwa. Gaskiya ne. Amma shagon da dā ake wucewa yanzu ba ya rabuwa da mutane.

Duk wannan a waya nake jin ƙishin-ƙishinsa, tunda mun koma Ngong. Sai ranar sadaka na gani da idona. Alhaji Buba ya zo, ya zauna a sahun gaba, ya fi kowa ɗaga murya wajen amin. Da ya sunkuya na ga tudu a cikin hularsa, ɗan murabba'i. Mutumin da ya ce gidan tururuwa ne, yau a kansa yake yawo da shi. Na yi ta tunanin wace kalma ce ke kwance a kan sanƙonsa. Wataƙila matsefi.

Da Baba Tsoho zai ga wannan, na san zai fara da dariya. Zai riƙe ciki, ya ce ko ɓarawon Yawunde bai taɓa shirya irin wannan ba. Amma ba na jin dariyar za ta daɗe. Na ga wata mata ta zo tun daga Tuboro da jariri a baya, ta durƙusa gaban Kawu har ƙasa, ta karɓi takardar da hannu biyu. Ita da gaske take. Kawu kuwa ya san abin da ya miƙa mata. Mutumin da ake yi wa sadakar ko awon zare bai taɓa ragewa ba, yau da rubutun hannunsa ake yi wa baiwar Allah haka.

Duk da haka ban ce komai ba sai da aka aike ni ɗauko tabarma a ɗakin da ke bayan zaure. Na tura ƙofa na tarar da Kawu a zaune, akwatin a buɗe, shafi ɗaya a kan gwiwarsa, biro a hannunsa. Yana rubutu a cikin gidajen.

Dole in bayyana wani abu a nan. Ba kullum Baba Tsoho yake gama darar ba. Wani lokaci kalma ɗaya ko biyu su gagare shi. Washegari jarida takan kawo amsoshin jiya a ƙasan shafi, amma in bai gama ba, yakan ninke wannan kusurwar ya danne da ƙamus don kada idonsa ya faɗa kai. Sai ya sa ɗan ɗigo a gefen tambayar, ya ce, "Yau ya ci ni." Waɗannan yake warewa daban, ya ɗaure da jan zare. Ranar Juma'a bayan masallaci mu kwance su mu sake gwadawa. Wata kalmar takan yi wata da watanni kafin ta zo masa, a kan hanya ko yana cin abinci, sai ya taso da hannun miya yana kirana in kawo fensir. Bai taɓa sa harafin da bai tabbatar ba. Bai taɓa taɓa biro ba, don ya ce mai biro mutum ne da ke ganin ba ya kuskure.

Jan zaren nan na gani a ƙasa kusa da ƙafar Kawu, a tsinke. Na matsa na dubi shafin. A tsakanin ƙananan haruffan fensir na Baba Tsoho, masu karkata hagu, ga manyan haruffan biro shuɗi, K, K, Z, B, duk wanda ya zo hannu.

Na ce, "Kawu, wannan ba kalma ba ce."

Ya ɗago kamar bango ne ya yi magana. "Wa ya tambaye ki kalma?"

"Bai gama wannan ba."

"To ba ga shi ina gama masa ba? Cikakkun sun ƙare, mutane na jira a waje. Wa zai karɓi hatimi da huji? Ke, ɗauki tabarmarki ki wuce, 'yar lise."

Na ɗauki tabarmar. Na fita da sauri har na buge ƙofa da ita. Na iya jure almakashin, don waɗanda aka yanke ya riga ya gama da su, ya yi dariyarsa. Amma waɗannan fararen gidajen su kaɗai suka rage inda yake nan yana tunani. Kowane ɗigo a gefe, shi ne yake cewa zan dawo. Yana da rai sun ce wasan yara yake yi, ya mutu sun ce waliyyi ne, kuma a duka biyun ba wanda ya taɓa zama kusa da shi ya karanta tambaya ɗaya. Yanzu kuma ana cusa masa ƙarya a cikin rubutunsa, da biro, a ranar da ake roƙa masa gafara.

Bayan an watse, Kawu ya kulle akwatin ya mayar wa Inna mabuɗi, ya tafi rakiyar baƙi. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zauna kusa da ita.

"Kin cika kamar za ki fashe," in ji ta. "Faɗi."

"Inna, kin san ba hatimi ba ne."

"Ni za ki gaya wa? Wa yake feƙe masa fensir da reza? Har cikin barci sai in ji yana ƙirga haruffa a yatsa."

"To me ya sa kika yi shiru?"

Ta ture wata tsakuwa gefen faifai. "Shekara da shekaru ina jin ana yi wa mijina dariya a kasuwa. Yanzu masu dariyar su ke cire takalmi tun daga ƙofar gida. Ki bar ni in ɗan ji daɗin abin."

Ban ji haushinta ba, ko kuma na ji kaɗan. Amma na gane cewa girman da ake ba shi yanzu ba nasa ba ne, na wani malami ne da ba a taɓa haifa ba. Layun za su tsufa, fata ta tsage, takarda ta ruɓe da gumi. Shagon na Kawu ne. Sunan ma ya zama na mutanen kasuwa, suna juya shi yadda suke so. Abin da ya rage na Baba Tsoho na gaskiya ɗan kaɗan ne. Ƙamus mai ɗinkin zare, da wata ɗabi'a da ya bar mini, ta in ban san amsa ba in bar wurin fari, ko da a jarrabawa ne. Sai kuma ɗaurin nan da ke cikin akwati, wanda ke raguwa duk ranar da wani ya yi sallama a zaure.

Na gaya wa Inna abin da na gani a ɗaki, da biron, da jan zaren a ƙasa. Hannunta ya daina motsi a cikin shinkafa.

"Da biro?" ta ce.

"Shuɗi."

Na ga yatsunta sun tafi bakin zanenta, inda mabuɗin yake a ƙulle, suka tsaya a kan ƙullin. A waje na ji muryar Kawu yana sallamar baƙin ƙarshe.

Na ce, "Inna, ba na roƙon ki ƙaryata kowa. Su riƙe malaminsu. Waɗanda bai gama ba kawai za ki ba ni, yanzu, kafin Kawu ya shigo. Ni Sakatariyarsa ce. Ki haɗa mini da fensirin."