Yaya Habibu da saƙon da ke isa Gwiwa a makare

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayana Habibu, malamin gona a Roni. Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai taurin kai, kuma wallahi taurin kan nan nasa nake kewa.

A zamaninsa sabis ɗin waya sai a Kazaure yake da ƙarfi. Idan tsutsa ta faɗa wa dawa, sai Yaya ya ɗauki bidiyon yadda ake maganinta, ya kai wa Alhaji Sani mai shagon caji a Kazaure, domin shi ke da babbar waya da wuta. Daga wurinsa ake ta turawa, waya zuwa waya. Na kusa kan samu nan take. Amma nauyin duk a kan Alhaji Sani yake, an cika masa shago, wayarsa ta yi zafi, ga waɗanda in sun karɓa sai su zura waya a aljihu, ko maƙwabci ba sa ba. Ƙauyukan Gwiwa su ne a ƙarshen layi.

Wata damina wani dattijo daga can, Malam Buba, ya zo gidanmu riƙe da karan dawa, ganyen duk ya huje. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye shi a gaban Yaya, ya ce, "Malam, jiya saƙonka ya iso mu."

Ranar Yaya bai iya cin tuwo ba. Daga baya ya raba bidiyon gida uku: gane tsutsar, haɗa magani, da feshi. Ya ba Alhaji Sani kashi ɗaya, wani ɗan acaɓa mai zuwa Babura ɗaya, na ukun ya damƙa wa Malam Buba. Duk mai son cikon sai ya miƙa wanda ke hannunsa a ba shi wanda ya rasa. Mutanen Kazaure suka yi ta gunaguni, wai sun saba samu da wuri, yanzu an sa su jiran mutanen ƙauye. Yaya ya amsa cewa lallai an rage musu sauri, amma jiransu na yini ne, na Malam Buba kuwa abincin shekara ne.

Da zai leƙo yau ya ga sabis ya kai wurare da dama, na san zai ji daɗi, sannan ya yi tsaki in ya ga shirmen da muke tura wa juna. Zai kuma tambaya ko wane ne har yanzu saƙo ba ya isa gare shi, don wannan tambayar ba ta barin bakinsa.

Abin da ya bari shi ne mutanen da suka saba cewa wanda ya karɓa sai ya miƙa. A daminar bana tsutsar ta dawo. Ina zaune a Kazaure wayata ta yi ƙara, na ji muryar Malam Buba yana cewa ya gan ta a gonarsa, mu hanzarta duba gonakinmu. Muka yi feshi a kan lokaci. Gargaɗin daga Gwiwa ya fito.