Ƙyauren Ɗakin Inna

Ko da zan manta sunana, ba na jin zan manta daminar da wutar lantarki ta ɗauke mini mahaifiyata a gidanmu na Aliero. Shekaru sun tura, furfura ta cika mini gemu, amma har yau in aka kawo wuta gabana sai ya faɗi.

A farkon shekarun da aka ba mu jihar Kebbi ne wuta ta iso unguwarmu. Gidanmu tsohon ginin ƙasa ne, kakanmu ya gina shi, katangarsa mai kauri, rufinsa na azara. Ni kuwa a lokacin mai gyaran rediyo ne a zauren gidan, bayan noman albasa. Don na iya liƙa wayar rediyo da dalma, sai na ɗauka babu abin da ban sani ba a harkar wuta. Girman kai ne kawai, yanzu na gane. Da kaina na ja waya daga mita zuwa ɗakuna, inda ta gaza in ƙulla wata in naɗe da leda. Fiyus ɗin kuma da ya dame ni da yawan tsinkewa, na cire siririyar wayarsa na sa mai kauri, na ce na huta.

A wurinmu kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi wa gida yaɓe. Da lokacin ya zo, na dubi wayoyin nan suna reto a jikin bango, na ga sun ɓata gida, sai na bi su da laka na shafe. Bango ya yi sumul, maƙwabta suna ta yaba mini. Bayan shekara biyu da yaɓe biyu, ni kaina ban ƙara sanin ta ina wayar ta bi ba.

A rani na uku albasa ta yi kyau, na ce bari in kyautata wa Inna. Na cire tsohon ƙyauren ɗakinta na itace da gara ta cinye, na sa mata na kwano, na kafe shi da dogayen ƙusoshi a cikin bango. Ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya.

Da ruwa ya zauna, bango ya sha danshi, wata safiya ta leƙo zaure ta ce, "Ɗan nan, ƙyauren ga naka cizo shikai."

Na yi dariya na ce, "Inna, mi za ya cije ki ga kwano? Ko dai kunama ta?"

"Ni dai na hwaɗa maka," in ji ta.

Na tashi na je na dafa ƙyauren da hannu biyu, na shafa sama na shafa ƙasa, ban ji komai ba. Abin da ban lura da shi ba, a daidai lokacin babu wuta a garin. Wutar wancan zamani ta fi yawan tafiya a kan zama. Sau biyu tana yi mini maganar, sau biyu ina gwadawa a lokacin da aka ɗauke. Har zolayarta na yi, na ce sanyin damina ne ya shiga mata gaɓoɓi. Daga nan ba ta sake tayar da zancen ba, ni kuma na ɗauka abin ya wuce.

Cikin kwanakin nan wani mai aikin wayar gidaje daga Jega ya kawo mini rediyonsa. Yana zaune sai ya ɗaga kai ya ga ƙwan fitila ya fito daga cikin laka babu waya a fili. Ya ɓata fuska ya ce, "Malam, ba a bizne waya cikin ginin ƙasa. Hidda ta za a yi, a sa ta cikin bututu bisa bango, a kahwa ƙarhe cikin ƙasa. Wanga gida in ya jiƙa, duk shina iya ɗaukar wuta." Na ji haushi, mutum ya zo zaurena yana koya mini aiki. Na ce masa wa zai fasa bango tsakiyar damina, a bari sai kaka. Ya ɗauki rediyonsa ya tafi, ban ko gaya masa maganar Inna ba.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa tun asuba, bai tsaya ba sai da hantsi. Kwana uku ba mu ga wuta ba, aiki ya taru mini. Ina zaune sai ƙwan zaure ya haska. Wallahi murna na yi, har na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, na jawo ƙarfen dalma. Ban kai ga jona shi ba na ji matata ta ƙwala ihu daga cikin gida.

Na tarar da Inna tsaye a bakin ɗakinta, ƙafarta babu takalmi cikin ruwan tsakar gida, hannunta manne da ƙyauren, jikinta yana karkarwa. Bakinta a buɗe amma babu sauti. Matata ta nufe ta za ta rungumo ta, na ture matar tawa gefe, na ruga na fizge fiyus. Fiyus ɗin da ya kamata ya tsinke da kansa, ni na hana shi. Kafin in dawo Inna ta zube. Muka sa ta a mota muka nufi Jega, kanta a kan cinyata, ina kiranta ina kiranta. Ba mu kai rabin hanya ba direba ya dube ni ta madubi ya rage gudu.

Bayan kwana uku na aika aka kira mutumin nan na Jega. Ya sa guduma ya fasa bangon gefen ƙofar, sai ga ƙusata ta ratsa tsakiyar waya. Ya sake wa gidan waya gaba ɗaya, ya fara da hantsi ya gama kafin la'asar. Aikin da na ce sai kaka ke nan.

Masu ta'aziyya kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka. Babu wanda ya zarge ni. Amma ranar addu'ar bakwai, yayata da ke aure a Maiyama ta same ni ni kaɗai, tana kuka ta ce, "Da niz zo watan jiya na ishe ta tana naɗe hannu da zane in za ta buɗe ɗaki. Nic ce ta hwaɗa maka, tac ce a'a, kai ka yi mata ƙyauren don ƙauna, ba ta son ka ji awa ta raina."

Wata guda uwata tana tsoron ƙofar ɗakinta, tana ɓoyewa don kada raina ya ɓaci, ni kuwa ina zaure ina gyaran rediyon mutane.

Abin da na koya, na koye shi a lokacin da ba zai amfane ni ba. Aikin wuta a bar wa masu shi, kuma kada a rufe waya inda ido ba ya ganinta. Sannan in tsohonka ya kawo maka kuka sau ɗaya ko biyu ya yi shiru, kada ka ɗauka ya samu sauƙi. Tashi ka bincika a ranar, domin mai yiwuwa kai yake tausayawa.