Kalmar da Na Kasa Faɗa a Gaban Inna

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son yi mini magana sai ta dubi bango ta ce, "A hwaɗa ma wancan tuwonai na hucewa," alhali ina tsaye a gabanta. Haka muka zauna shekara talatin da 'yan kai a gidanmu na Zuru, kuma ban taɓa ganin aibin hakan ba.

Da ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, ƙanwata da ke aure a Ribah ta gaya wa. Ita kuwa tana cikin jego, ba halin tafiya, sai ta kira ni a waya. Ta ce abin kamar ƙwallon dabino yake, ba ya ciwo, amma ba ya motsi. Ta ce, "Yaya, don Allah ka kai ta asibiti, kuma ka yi bayani yadda ya kamata."

Har haushi na ji. Ni da nake koyar da Turanci a firamare, ni za a ce in yi bayani yadda ya kamata?

Likitan da muka samu ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke masa tafinta tana can wajen wata mai naƙuda. Ya dube ni ya tambaya da Turanci, ina ne ke damun Mama?

Na san kalmar sarai. Kowace shekara ina rubuta su biyun a allo, ina nuna wa yara cewa "chest" ƙirji ne gaba ɗaya, "breast" kuwa nono. Amma ga Inna a gefena ta sunkuyar da kai cikin mayafi. Ko da ba ta jin Turanci, sai na ji harshena ya yi nauyi. Na ce "chest".

Ya ɗora abin sauraren numfashi a bayanta, ya tambayi ko tana tari, ya tura mu ɗaukar hoto. Hoto ya fito tas. Ya rubuta maganin ciwon jiki ya sallame mu. Inna tana ta hamdala a bayan babur, ni kuwa na san ba a duba abin da ya kawo mu ba.

Mako bakwai na yi ina ɗauke da wannan abu. Kullum sai in ce gobe zan mayar da ita, gobe ta yi in rasa ta inda zan fara mata bayani. Na koma satar kallon yadda take ɗaga hannun hagu in za ta sauke tukunya. Abinci ya daina yi mini daɗi. Da ƙanwata ta tambaye ni ko likita ya taɓa wurin, sai na ce mata, "Ai har hoto an yi." Ban yi ƙarya ba, amma na ji ƙyamar kaina.

Wata safiya ina goge babur a tsakar gida, Inna tana tsince wake. Sai ta ajiye faifan ta dube ni ido cikin ido. Ban tuna ranar da ta taɓa yin haka ba.

"Kai," ta ce. "Mi kac ce ma likitan nan?"

Na ci gaba da goge babur.

"Ko hannu bai kai wurin ba. Kuma abin ya ƙaru," in ji ta. "Shekara biyu kana shan shi har da cizo. Yau sunan shi ka ka jin kumya? Tashi ka maishe ni."

A gaban likitan na faɗi kalmar, na kuma faɗa masa cewa ni na ɓoye. Ya kira ma'aikaciyar jinya, suka ja labule. Da ya fito fuskarsa ta canza, a take ya rubuta mana takardar zuwa babban asibiti.

An yi aiki, an cire nonon. Na tare likitan da ya yi aikin na tambaye shi ko makonnin nan bakwai sun yi ɓarna. Ya ce ba zai iya ce mini e ko a'a ba, mu dai riƙa zuwa duk bayan wata uku a duba ko ciwon ya dawo.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba, ta koma yi wa bango magana kamar da. Ni ne duk ranar komawa asibiti ba na iya karyawa, sai in zauna ina jujjuya makullin babur. Ita kuwa ta riga ta yafa mayafi tana bakin ƙofa.

"A hwaɗa ma wancan shi tashi," in ji ta, "kada mu sake makara."