Kwalbar Zuma da Bututun Jirgin Tsoho

Shekarun baya, farkon zuwana birnin Lyon na ƙasar Faransa, ina aikin walda a wata masana'anta a Vénissieux. Daga Litinin zuwa Juma'a ina cikin mutane, amma ranar Lahadi sai in wuni ban buɗe baki ba, in ban da sallamar sallah. Har agogon bango na saya don kawai in ji motsi a ɗaki.

Ana haka na haɗu da wani tsohon Bature a shagon kayan ƙarfe, yana ta juya wani bututu. Na nuna masa inda waldarsa za ta tsage. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in zo garejinsa, can bayan Rillieux. Jirgin sama yake ƙerawa da hannunsa, mai kujera biyu, da injin tsohuwar mota irin wanda cikinsa ke juyawa kamar dutsen niƙa. Tun daga ranar na sami inda zan je Lahadi. Yakan dafa kofi mai ɗaci, ni da na tashi da shayin Damagaram in shanye ina yabawa.

Da muka zo kan bututun da ke kai iska da mai cikin inji, sai ya ce da fiba zai yi, wato zaren gilas da ake shafe da gam, don ya fi alminiyam rashin nauyi. Injin nan zafinsa ba na wasa ba ne, kuma ina zargin man da yake saya a gidan mai zai cinye irin gam ɗinsa. Ga shi da kansa zai hau. Amma a haife ya haifi babana, kuma gaskiya tsoro nake ya ji haushi in koma ga agogona. Lahadi uku ina miƙa masa almakashi ina murmushi.

Na kira mahaifiyata na faɗa mata. Ta ce, “Ai ba a gyara wa babba gaba da gaba. Ka nemi sa'ansa ya yi masa magana.”

Na ce, “Inna, wa na sani a garin nan?”



Da na rasa ɗan aike, sai na aiki kwalba. Na yanki guntun fibarsa, na jefa cikin wata tsohuwar kwalbar zuma, na cika da man nasa, na ajiye a kan teburinsa ban ce uffan ba. Bayan mako biyu na tarar da shi riƙe da guntun, ya yi laushi kamar danƙo.

Ya ce, “Tun yaushe ka sani?”

Na faɗa masa. Na ƙara da cewa wajenmu ba a ce wa babba ya yi kuskure.

Ya ce, “In da ban buɗe kwalbar ba fa? Kana tsaye a ƙasa da ladabinka, ni ina sama?”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Bai kore ni ba. Tiyon alminiyam ya turo mini, ya ce in ɗauko kayan aikina. Ni na yi waldar bututun, kuma ba na jin na taɓa yin aiki da kulawa haka.

Bai tashi da jirgin ba. Ciwo ya kama shi, 'yarsa ta mai da shi Paris kusa da ita, aka sayar wa wani da jirgin. Sau ɗaya na je duba shi, bai gane ni ba, sai dai ya tambaye ni ko na sha kofi.

Har gobe ina girmama manya, amma in rai ne a tsakani, da bakina nake faɗi. Yanzu ina da iyali, Lahadina cike take da hayaniya. Duk da haka, in ƙaramin jirgi ya gifta da irin ƙarar injin nan mai kaifi, sai in fita baranda in ɗaga kai. Ban san ko namu ba ne. Nakan dai tsaya har ƙarar ta ɓace, in tabbatar ba ta yanke ba.