Baƙin da Kawu Ya Kira a Gonar Inabi

Abin da zan faɗa muku a gabana ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Shekara bakwai ko takwas ke nan, lokacin ina zaune a Woodbridge a Amurka, ina sana'ar da nake yi har yau, wato sayen tsofaffin taraktoci da injinan ban ruwa da akori-kura a hannun manoman Virginia, in gyara abin da zai gyaru, in loda a kwantena in tura gida. Ni mutumin Filato ne, ban yi dogon karatu ba, amma in na zagaya mota sau ɗaya na san abin da ke damunta. Ban taɓa zama mai sauraron labarin fatalwa ba, ko yanzu ma ban ce muku na ga fatalwa ba. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Sana'ar nan ce ta sa na san ƙananan gonakin inabi da ke yamma da mu, can wajen tsaunuka, saboda masu su ba sa daɗewa da inji suke canzawa. Yawanci mata da miji ne da suka yi ritaya, su shuka inabinsu, su matse, su dafa giyarsu da kansu, kuma kowace gona tana da ɗakin ɗanɗano, inda za a jera maka kofunan gilashi a riƙa zuba maka ɗan kaɗan, wanda ko maƙogwaro ba zai jiƙa ba, ka jujjuya, ka shinshina, ka kurɓa, in bai yi maka ba ga bokiti nan a kan kanta ka juye sauran a ciki. Haka dokar wurin take.

A shekarar ne Kawu Gyang, wan mahaifiyata, ya zo ganin 'yarsa Kaneng, wadda take aikin nas tana zaune a Largo. Tsoho ne mai ƙarfi, manomin dankali, dattijon coci, amma uwarsa ita ce mai dafa burukutu a ƙauyenmu, kuma akwai al'ada ɗaya da fastoci suka yi ta fama da shi a kai har suka gaji suka bar shi. Ba ya kai abin sha mai tsami baki sai ya fara zuba wa ƙasa. Wanda bai sani ba zai ɗauka zubawa ce kawai, alhali abin kashi biyu ne. Da farko ka zuba, ka kira naka da suka riga mu gidan gaskiya da sunayensu, ka ce su zo su sha. Sai ka kurɓi naka. Sannan ka sake zubawa ka sallame su, ka ce sun sha, su koma. Tun muna yara muke jin tsofaffi suna cewa kira kowa zai iya, sallamar ita ce aikin.

Kaneng tana fita aiki tun safe, shi kuma yana zaune tsakanin bango huɗu yana kallon talabijin da bai gane ba, har ya fara cewa kurkuku ta kawo shi. Shi ya sa wata Asabar da kaka, ganye ya yi ja, na ce su shirya mu je ya ga yadda Turawa ke yin nasu burukutun. Na ɗauke su a motata mai layin kujeru uku, mu uku kacal, muka isa gonar farko da rana tsaka, gari garau.

Ɗakin ɗanɗanon wurin tsohon gini ne na dutse, rabinsa a cikin ƙasa, sanyi kamar randa, kuma daɓen ƙasa ne zalla, ba siminti, matar mai gonar ma da shi take taƙama wai haka suka same shi. Da ta zuba wa Kawu nasa ya ɗaga kofin ya duba ya ce da ni, “Kai, wannan sha ne ko maganin ɗigawa a ido?” Muka yi dariya. Sai ya kalli ƙasan nan, na ga fuskarsa ta saki, ya ce tun da ya sauka a ƙasar nan yau ne ya taka ƙasa ta gaskiya a cikin ɗaki.

Ya karkata kofin ya zuba. Ina kusa da shi, na ji abin da ya ce da yarenmu. Ya ce nasa suna nesa, ba za su iya ƙetare teku ba, saboda haka, “Ku masu wannan ƙasa, duk wanda ke kwance a nan, ni baƙo ne ban san sunayenku ba, ga naku, ku zo ku sha.” Wallahi jar giya ce, amma ko tabo ba ta bari ba, ƙasar ta shanye ta kafin ta gama sauka.

Turawan da ke gefenmu suka juyo, matar mai gonar ta tsaya da kwalba a hannu. Kaneng ta kama hannun babanta.

“Baba don Allah! Ga bokiti can an ajiye. Kallonmu fa ake yi.”

“Sake ni, ban gama ba.”

“Ka gama, Baba. Nan ba ƙauye ba ne.”

Ta karɓe kofin ta juye a bokiti, ta ba matar haƙuri, ta ja shi waje yana waiwaye. Ni ban ga laifinta ba a lokacin, yarinya ce da ta sha wuya kafin a daina yi mata kallon 'yar daji a wurin aiki.

Da muka tashi za mu fita, sai na ji ƙasan motar ta baya yana gogar tsakuwa, ƙurrr. Na tsaya na sauka na duba. Taya lafiya, sifirin bai karye ba, amma bayan motar ya zauna kamar na loda mata buhunan siminti. Na buɗe but, ba komai sai safayar taya. Na ce a raina sai Litinin na kai wa makanike, muka wuce gona ta biyu, wadda ba ta da nisa.

A can a waje ake zama, ƙarƙashin rumfa. Muna zama sai ga yarinyar da ke hidima, Baturiya, ta taho da faranti cike da kofuna, ta fara jerawa har a teburin da ke kusa da namu, tana murmushi tana tambaya ko sauran mutanenmu za su zauna tare da mu ne ko a haɗa musu tebur. Kaneng ta ce waɗanne mutane, mu uku ne. Yarinyar ta ce, “Waɗanda suka sauko bayanku.” Ta juya ta nuna wajen motar, sai hannunta ya tsaya a sama. Ba kowa a filin sai motata. Na ga jini ya bar fuskarta, ta shige ciki ba ta sake fitowa ba. Har muka iso Largo, ruwa kawai Kawu yake nema.

Daga ranar ƙishirwa ta kama shi. Ba irin wadda kuka sani ba. Ya sha gora ya nemi wata, leɓensa ya tsattsage, harshe ya bushe kamar fata, mutumin da ke ɗaga buhun dankali shi kaɗai ya koma sai an riƙe shi. Kaneng ta ce ciwon suga ne, aka gwada, babu. Aka duba ƙoda, aka duba jini, likitoci suka ce komai daidai. Aka ɗaura masa ruwa, leda ta ƙare da wuri har abokan aikinta suna zargin ta huje, shi kuwa yana nan a bushe.

Wata ranar Lahadi bayan coci na je gaishe shi, na zuba masa ruwa da hannuna a kofin gilashi, na ajiye a tebur gabansa. Bai taɓa ba, ya ce, “Zauna ka kalla.” Jama'a, rana tana shigowa ta taga, ina kallo ruwan nan ya riƙa sauka a hankali, ya tsaya, ya sake sauka, kamar ana miƙa wa juna, har ya rage ɗan na ƙasa. Na ɗaga kofin, teburin a bushe.

Ya ce, “Ka gani? Ko na kai baki haka ne. Ba ni nake sha ba. Suna da yawa, ɗana, kuma sun daɗe ba wanda ya ba su.”

Kaneng tana bakin ƙofar kicin, ita ma ta gani. Ta durƙusa a wurin tana kuka tana cewa Baba ka yafe mini. Ya ce ba lokacin kuka ba ne, a mai da shi inda ya yi kira ya ƙarasa maganarsa.

Muka koma a tsakiyar mako da hantsi, ba baƙi. Na sami matar mai gonar na yi mata bayani yadda za ta gane, na ce tsoho ne ba shi da lafiya, addu'a zai yi. Sai ta ce akwai abin da ba ta sa wa a tallar gonar. Ginin nan a zamanin da ɗakin kwanan bayi ne. Da suna haƙa hanyar bututun ruwa a bayansa sun tarar da duwatsun kaburbura a jere, ba rubutu a kan ko ɗaya, manya da ƙanana, sai suka mai da ƙasa suka karkatar da bututun, suka shuka inabi a gefe. Ba wanda ya san sunayensu.

Na riƙe Kawu muka shiga. Matar ta zuba masa da kanta, kofin cike wannan karon. Ya kurɓa, ya zuba sauran, muryarsa da ƙyar take fita, ya ce, “Kun sha. Na gode da kuka amsa. Ku koma gida.”

Muka fito, har na fara jin sanyi a raina. Muna tsaye mu uku, ba wanda ya taɓa motar, ƙofofinta a kulle, makulli a aljihuna, sai muka ji ta yi ƙara, ƙiii, bayanta ya ƙara yin ƙasa har taya ta kusa shigewa cikin bodi.

Kawu ya daɗe yana kallonta. Ya ce, “Na ce su koma gida. To ai nan ba gidansu ba ne. Sun ji harshe daga inda aka kwaso su, sun ga mai komawa.” Ya juya ga 'yarsa ya ce ta sayo masa tikiti.

Ta ƙi. Ta ce jikin nan ba zai ɗauki jirgi ba, a nan akwai asibiti, a can wa zai ɗaura masa ruwa? Ya ce, “Kaneng, in na zauna za su shanye ni, in sun gama da ni kuma gidanki suka sani.” Ta kalle ni wai in sa baki. Ni ɗan kasuwa ne, na san lokacin da ciniki ya ƙare. Na ce ta saya biyu, ta raka shi.

Ni na kai su filin jirgi, motar tana jan ciki a kan titi, kowace gargada sai ta daki ƙasa. Aka kawo keken marasa lafiya, na ɗora shi, ya riƙe hannuna ya ce in riƙa zuwa gida. Ana tura shi ta ƙofar gilashi sai na ji motar a bayana tana ɗagowa, kaɗan kaɗan, tana girgiza, daidai yadda bas ke yi in fasinjoji suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Ban juya ba sai da ta yi shiru.

Sauran kam ba a gabana aka yi ba, a bakin Kaneng na ji. Da suka isa ƙauye ya sa mata suka dafa burukutu a manyan tukwane, aka ɗauke shi zuwa gindin dutsen da ake binne mutanenmu, ya sa aka juye duka a ƙasa, ya kira kakanninmu da sunayensu, ya ce ga baƙi nan ya kawo, sun yi doguwar tafiya, a matsa a ba su wuri. Ranar ya karɓi ƙwarya ya shanye ruwa, ya goge baki ya ce, “Yau na sha ruwa.” Bai cika mako ba ya rasu. Jikin ya riga ya ƙare. Kaneng ta dawo aikinta, amma har yau in ana maganar ranar Asabar ɗin nan tashi take yi ta bar wurin.

To ga abin da ban faɗa mata ba. Motar ba ta ɗago duka ba. Kusurwar baya ta hagu ta ci gaba da zama ƙasa kaɗan, wanda ba makanike ba ba zai lura ba. Na canza sifirin, na canza taya, tana nan. Na sayar da ita na sayi wata, cikin sati ɗaya ita ma ta karkata a wuri guda. Motata ta yanzu ita ce ta huɗu. Nauyin ba shi da yawa, kamar na ƙaramin yaro, irin wanda barci ke ɗaukewa a kujerar baya, a iso, kowa ya sauka a manta da shi. In na ajiye gorar ruwa a motar kuwa, ko ban buɗe ba, sai na tarar ta ragu kamar kurɓi biyu. Ban san cikakkun kalmomin da Kawu ya yi amfani da su a gindin dutse ba, ban taɓa zama na koya ba, kuma masu sani sun ƙare. Abin da nake yi kawai, ba na barin motar ba ruwa.

Har yanzu ina zuwa gonakin inabi sayen injina, amma ba na shiga ɗakin ɗanɗano, a waje nake gama magana in tafi. Ku da ke zuwa da iyayenku yawon buɗe ido a ƙasar nan, ku ji ni da kyau. Ƙasar da ba ku san wanda ke kwance a cikinta ba, kada ku kira mata kowa. In kuma tsoho ya riga ya fara maganarsa, ko duk Turawan duniya ne ke kallonku, kada ku riƙe masa hannu. Ku bar shi ya gama.